Wa zai shiga, wa zai fita: yadda ƙofar ɗakin majinyaci ta raba Legas da Fatakwal a Ebolar 2014

Ranar Lahadi 20 ga Yulin 2014, ana goman ƙarshe na azumi, jirgin kamfanin ASKY da ya biyo ta Lome ya sauka a filin jirgin Murtala Muhammed na Legas. Cikin fasinjojin akwai wani ɗan Laberiya mai takardar zama ɗan Amurka, Patrick Sawyer, shekararsa 40, yana aiki da ma'aikatar kuɗin ƙasarsu, kuma Kalaba ya nufa taron ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma. Tun a jirgi jikin ba daɗi, yana sauka abin ya ci ƙarfinsa, masu tarbarsa suka kwashe shi sai wani asibitin kuɗi a Obalende mai suna First Consultants. A lokacin likitocin gwamnati suna yajin aiki tun 1 ga watan, kuma ni dai a ganina wannan yajin aikin da kowa ke tsine wa shi ya zama rufin asiri, dan da wani babban asibitin gwamnati aka kai shi aka ajiye a imajensi, inda gado ke gogar gado ga ɗalibai ga 'yan jinya ga 'yan dubiya, to da labarin da ake bayarwa yanzu daban ne.

Da farko maleriya aka fara yi masa magani, wanda kowane likita a ƙasar nan haka zai yi in ya ga zazzaɓi da kasala. An tambaye shi ko ya yi hulɗa da mai Ebola ya ce a'a, alhali a cikin watan nan ƙanwarsa ta rasu da cutar a Monrobiya. Babbar likitar asibitin, Dr Ameyo Stella Adadevoh, mai shekara 57, tattaɓa-kunnen Herbert Macaulay, fitaccen ɗan gwagwarmayar neman 'yancin Najeriya, ita fanninta ma ciwon suga ne da makamantansu, bata taɓa ganin mai Ebola ba a rayuwarta, amma da ta ga maganin maleriya baya tasiri ga kuma inda mutumin ya fito sai jikinta ya bata. Aka ɗebi jini aka tura ɗakin gwaji na asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, aka sanar da hukuma. Kafin sakamako ya fito ta riga ta yanke hukuncin da shi ne ainihin abin da nake son magana a kai: mutumin nan ba zai fita ba, kuma ba mai shiga wurinsa sai wanda aiki ya kama dole.

Ba ƙaramin matsin lamba ta sha ba fa. Shi kansa ya tada hankali sai ya tafi, har ya fizge robar ƙarin ruwan da ke hannunsa, sannan hukumar asibitin ta ce jami'an Laberiya sun yi ta bugo waya a sallame shi ya je taronsa, har da barazanar shari'a wai an tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba. Ka duba, asibitin kuɗi ne, majinyaci babban mutum ne, baƙon ƙungiyar ƙasashe, abu mafi sauƙi shi ne a miƙa masa takarda ya sa hannu cewa ya fita bisa raɗin kansa a huta. Ta ƙi ƙememe. Ranar Juma'a 25 ga Yuli ya mutu a ɗakin nan, aka ƙone gawar.

Sai an gane yadda cutar ke tafiya sannan za a gane me ya sa maganar ƙofa ta fi maganar magani nauyi. Ebola bata bin iska. Jini, amai, gudawa, fitsari, zufa, yawu, da duk abin da suka ɓata kamar zanin gado da tufafi, nan take. Wanda ya ɗauka yana iya yin kwana 2 zuwa 21 kafin alama ta fito kuma a wannan tsakanin baya yaɗawa. In zazzaɓi ya fara to an shiga haɗari, kuma kullum ƙwayar cutar ƙaruwa take a jiki, ta fi yawa lokacin da mutum ya galabaita da kuma bayan ya cika. Yanzu ka ɗora wannan a kan al'adarmu. Yaushe muke cika ɗakin marar lafiya? Ba ranar da ya fara jin ciwon kai ba, sai ranar da aka bugo waya aka ce jiki ya tsananta. Ranar ne ake cika mota daga ƙauye, ranar ne gwaggo zata tallafo kansa ta bashi ruwan rubutu, yaya ya shafa masa addu'a a goshi, uwa ta sa gefen mayafinta ta goge masa baki. Wato daidai lokacin da jikinsa ya fi haɗari shi ne lokacin da hannuwa suka fi yawa a kansa, kuma masu ƙaunarsa ne, ba wasu ba.

Rufe ƙofar da aka yi a Obalende bai zo a arha ba, dan kafin a gane abin da ake ciki ma'aikata sun riga sun taɓa shi da safar hannu ta yau da kullum, wasu sun canza masa kaya, wasu sun goge ƙasa, wasu sun sa masa ruwa. An ƙirga mutum 72 da suka yi hulɗa da shi tsakanin filin jirgi da asibiti. Asibitin ya rasa mutum huɗu: Dr Adadevoh da ta rasu 19 ga Agusta, Dr Amos Abaniwo, nas Justina Ejelonu wadda sabuwar ɗauka ce kuma tana da juna biyu, da mai taimaka wa nas-nas Evelyn Uko. Jami'in ECOWAS da ya tarbe shi a filin jirgi, Jatto Abdulqudir, shi ma ya rasu. Aka kwashe majinyatan asibitin aka rufe shi aka yi feshi. Amma abin lura, kusan duk wanda ya ɗauka a zagayen farko sunansa na cikin takarda, an san shi an san gidansa, saboda ɗakin bai zama dandali ba.

Waɗanda suka kamu aka kai su asibitin cututtuka masu yaɗuwa da ke Yaba. A nan dokar ta fi tsauri, ba ɗan jinya, ba zama a gefen gado, ba gaisawa. Abinci ko kaya in 'yan uwa sun kawo a miƙa wa ma'aikata a waje, kuma duk abin da ya shiga ya shiga kenan, ranar sallama ma ƙone kayan ake yi a yi wa mutum wanka da ruwan kulorin ya sa sabbin tufafi. Ma'aikacin da zai shiga sai ya rufe ko'ina, riga mai haɗe da wando, takalmin roba, safar hannu ninki biyu, tabarau, takunkumi, a zafin Legas cikin ɗan lokaci zufa ta cika takalmi tabarau ya yi hazo. Kuma sawar ba ita ce wahalar ba, cirewar ce. Mutum ya fito a gajiye numfashi sama-sama hannunsa na son kai wa fuska ya share zufa, to dole wani ya tsaya a gabansa yana fesa masa kulorin yana faɗa masa cire wannan, wanke hannu, cire wancan, sake wanke hannu, ɗaya bayan ɗaya, dan kuskure ɗaya na taɓa ido da bayan safa ya isa. Ruwan kulorin ɗin ma kala biyu ne, mai ƙarfi 0.5 cikin ɗari na kaya da ƙasa da amai, marar ƙarfi 0.05 na wanke hannu.

Sai dai a kwanakin farko Yaba ba wurin yabo bane, kuma a nan ne darasin da aka fi mantawa yake. Dr Ada Igonoh, matashiyar likitar First Consultants da ta kamu ta warke, ta bada labarin yadda ta tarar da ɗakin: tsohon gini ba gyara, banɗaki ba daɗin gani, ma'aikata 'yan ƙalilan saboda tsoro da yajin aiki, wani likitan Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, mai suna David Brett-Major ne ke shiga duba su a farkon lamarin. Majinyatan da kansu suke taimakon juna. Ita da kanta ta dage da shan ruwan gishiri da suga lita bayan lita dan kar gudawa ta ƙarar da ita. Mijinta yana zuwa amma daga nesa ta taga kawai yake hango ta, sauran zumuncin duk a waya ake yinsa.

Ka tsaya nan ka tuna asibitocinmu. In ka hana ɗan jinya shiga, ba fa ɗan kallo ka hana ba, ma'aikaci ka kora. Shiga ɗakin mata na kowane babban asibiti a Arewa da ƙarfe biyun dare zaka ga tabarma a ƙarƙashin kusan kowane gado, ga kula ga filas ga bokiti da buta a gefe. Wannan baiwar Allah da ke kwance a tabarmar ita ke kai fo banɗaki ta wanke, ita ke dama kunu, ita ke juya marar lafiya, ita ke lura ruwa ya ƙare ta je ta taso nas, da safe ita ke bin layin biyan kuɗi da na famasi, in an ce a nemo jini ita ke buga wa dangi waya. Nas biyu ne a kan gado talatin ko fiye, ba zasu iya ba ko sun so. Dan haka rubuta "an hana dubiya" a manna a geti abu ne na minti biyar, amma in asibiti bai ɗauki aikin 'yar jinyar nan ya ɗora wa kansa ba, dokar ta zama hukunci a kan majinyaci, kuma jama'a suna jin labari. Da zarar ya bazu cewa wanda aka kai can ba mai bashi ruwa, to masu zazzaɓi zasu fara ɓuya a gida ko su gudu. Abin da ya gyara Yaba shi ne an buɗe sabon ɗaki mai kyau, an samu masu aikin sa kai, ƙungiyar likitocin agaji ta MSF da WHO suka horar da su, aka fara ganin mutane suna fitowa da ƙafarsu.

Gudun kuwa an yi shi. Wata nas da ake sa wa ido ta kama hanya ta tafi Inugu, sai da aka dawo da ita aka bi waɗanda ta haɗu da su. Wanda ya fi muni shi ne wani jami'in ECOWAS cikin waɗanda suka yi hulɗa da Sawyer, ya sulale daga Legas ya tafi Fatakwal, ya kama ɗaki a otal, wani likita Dr Ikechukwu Enemuo ya dinga zuwa yana masa magani a ɓoye daga 1 zuwa 3 ga Agusta. Shi jami'in ya warke ya koma Legas abinsa. Likitan ne ya kwashi cutar.

Rahoton da WHO ta fitar a farkon Satumba ya jero abin da ya biyo baya, kuma in kana karantawa sai ka ji gabanka na faɗuwa dan duk abubuwan da muka saba ne. Ranar 11 ga Agusta zazzaɓi da kasala suka fara masa, amma ya ci gaba da ganin marasa lafiya a asibitinsa har 13 ga wata, har tiyata ya yi wa aƙalla mutum biyu. A gida kuma an yi haihuwa, 'yan uwa da abokai suna ta zuwa barka. Ranar 16 aka kwantar da shi a wani asibiti, bai faɗi wanda ya yi wa magani a otal ba, dan haka ba wanda ya rufe ƙofa. 'Yan cocinsu suka zo suka yi masa addu'a irin ta ɗora hannu a jiki. A kwana shidan da ya yi a kwance yawancin ma'aikatan asibitin sun shiga wurinsa. Ranar 21 aka ɗauke shi zuwa wani wurin daban aka yi masa hoton ciki, washegari 22 ga Agusta ya rasu, kuma sai 27 ga wata gwaji ya tabbatar Ebola ce.

Kar wani ya ce ai wannan na 'yan coci ne. Sauya ɗora hannu da tofi, sauya barka da suna, sauya 'yan coci da 'yan majalisa ko 'yan masallacin unguwa, ka gaya min wane gari ne a Arewa haka ba zata faru ba.

Gaskiyar magana dai, Allah Ya taƙaita, waɗanda aka tabbatar sun ɗauka daga gare shi uku ne: matarsa wadda ita ma likita ce, ƙanwarsa, da wata dattijuwa da ke kwance a asibitin. Matar da ƙanwar sun warke, dattijuwar ta rasu. Wani zai ce to ashe masu dubiyar ma basu ɗauka ba, ina amfanin tsanantawa? Amsar tana cikin lissafin mutanen da aka bi. A duk ƙasar mutum 894 aka sa wa ido, sama da 500 daga cikinsu na Fatakwal ne, daga likita ɗaya tal. Legas da ta fi yawan masu cutar nesa ba kusa ba bata kai haka ba. Kowane ɗaya cikin waɗannan sai an nemo gidansa, an bashi ma'aunin zafi, ana bibiyarsa kullum har kwana 21, in ya kashe waya a bi shi, in ya musa a lallashe shi. Gaba ɗaya ma'aikatan sun yi ziyarar ido da ido kusan 18,500. Wato duk mutum ɗaya da ya leƙa ɗakin nan na minti biyar ya ce "sannu, ya jiki", ya jawo wa wani ma'aikaci sati uku na zirga-zirga, shi kuma ya jawo wa kansa sati uku na zaman zullumi da maƙwabta suna gudunsa. An iya ɗaukar nauyin ne saboda an ari tsarin cibiyar gaggawa ta yaƙi da foliyo, aka ɗauko Dr Faisal Shuaib daga can ya jagoranci ta Ebola, ga gwamnatin Fashola a Legas da ta tashi tsaye. Da Fatakwal uku aka samu a lokaci guda ba na jin ma'aikatan zasu isa.

Mu a Arewa ko mutum ɗaya bai kamu ba, amma tsoron ya iso mu da ƙarfinsa. Wanda ya kai shekaru zai tuna asubahin Juma'a 8 ga Agusta da waya ta dinga ƙara, kowa na tashin ɗan uwansa wai a yi wanka da ruwan gishiri a sha kafin gari ya waye. Aƙalla mutum biyu suka mutu, wasu da dama aka kwantar, musamman masu hawan jini. Namijin goro ma ya yi kasuwa. A ranar ce kuma Shugaba Jonathan ya ayyana dokar gaggawa kan cutar ya amince da naira biliyan 1.9, WHO ita ma ta ayyana ta a matsayin barazana ga duniya. Aka ɗage komawa makaranta sai 22 ga Satumba. Bankuna da otal-otal da asibitoci suka ajiye bokiti mai famfo da sanitaiza, mai gadi na nuna maka ma'aunin zafi a goshi. Abin dariyar shi ne mutumin da ya yarda ya sha gishiri da asuba saboda saƙon waya, shi ne in mai gadin asibiti ya ce "Baba ku yi haƙuri, mutum ɗaya aka ce ya shiga" zai hau faɗa yana cewa "kai yaro, ƙanina ne fa uwa ɗaya uba ɗaya". Ban ga laifinsa sosai ba, dan ba wanda ya zaunar da shi ya yi masa bayani, kuma a wurinsa komawa gida bai ga ɗan uwansa ba abin kunya ne da za a daɗe ana yi masa gori.

Shi ya sa nake ganin mai gadi shi kaɗai ba zai iya riƙe wannan doka ba, sai da liman da mai unguwa. Dubiya haƙƙin Musulmi ne a kan ɗan uwansa, ba musu. Amma hadisin da ya ce in kun ji annoba a wata ƙasa kar ku shiga, in kuma ta same ku a ciki kar ku fita kuna gudunta, yana cikin Bukhari da Muslim, kuma da shi Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham. Kar a shiga, kar a fita, abin da aka yi a Obalende kenan, abin da aka karya a Fatakwal kenan. In Hajiya ta ji wannan daga bakin malamin da take girmamawa, sannan aka ce mata ga taga zaki gan shi, ga lambar da zaki kira a gaya miki halin da yake ciki safe da yamma, ga inda zaki ajiye abincin, zata haƙura. In kuma tsawa kawai aka daka mata to zata nemo wani ɗan uwa ma'aikaci ya shigar da ita ta ƙofar baya, kowa ya san ana yi.

Maganar gawa ta fi ta dubiya zafi. A Legas ƙonewa aka yi, wanda a Kano ko Sakkwato ko Damagaram ko a mafarki ba za a karɓa ba, kuma a Laberiya ma dokar ƙone gawa ta sa mutane ɓoye mamatansu. Sai a ƙarshen 2014 WHO ta fitar da tsarin binnewa cikin aminci da mutunci bayan tuntuɓar malaman addini, wanda ga Musulmi ya tanadi taimama maimakon wanka, da likkafani, da barin dangi su tsaya daga ɗan nesa su yi sallah su shaida binnewa. Ma'aikata masu kayan kariya ne ke taɓa gawar, amma ba a kori iyali daga jana'izar ɗansu ba.

Ranar 20 ga Oktoban 2014, bayan kwana 42 ba sabon kamu, WHO ta ce Najeriya ta rabu da Ebola. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, 11 cikin waɗanda suka kamu ma'aikatan lafiya ne. A Gini da Laberiya da Saliyo kuwa sama da mutum 28,000 suka kamu, sama da 11,000 suka mutu. Alhazanmu sun yi Hajjin shekarar alhali Saudiyya ta hana na waɗancan ƙasashen uku biza.

Bokitan bakin geti ba su daɗe ba suka bushe. Ita kuwa cutar zazzaɓin Lassa da ke bin jini da ruwan jiki kusan irin wannan hanyar duk rani sai ta dawo, a Janairun 2020 ma ta kashe likitoci biyu a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, ga mashaƙo da ta addabi Kano a 2023. In an killace mutum bayan gwaji ya fito ana bin ƙa'ida, matsalar ita ce kwana biyu ko uku na farko da yake kwance a babban ɗaki da sunan maleriya ko taifot, 'yar jinya na wanke masa fo da hannu ba safa, ƙarfe huɗu na yi a buɗe geti mutum goma su kewaye gadon. A Obalende ma a irin waɗannan kwanakin ne ma'aikatan suka ɗauka. Safar hannu da sabulu da bokitin kulorin ga 'yar jinya, da littafin rubuta suna da lambar wayar duk wanda ya shiga ɗakin masu zazzaɓi, kuɗinsu bai kai na gadon asibiti ɗaya ba, kuma har yau a yawancin asibitocinmu sai an ji sanarwar ɓarkewar cuta a rediyo ake fito da su.